Mesata ta fara ɗigon baƙi, rawayarta na koɗewa: ciwo ne ko girma?

Abban Sadik: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe da kiwon mesa mai dunƙulewa, wadda a nan Ingila suke kira royal python, a Amurka kuma ball python. Tawa mace ce, haɗin nau'in launi biyu da masu kiwo ke kira Banana da Pastel. Da na saye ta tana 'yar ƙarama, rawayarta na ɗaukar ido, tsakanin rawayar kuma shunayya ce mai haske, tas babu ɗigo ko ɗaya. Yanzu ta kusa shekara biyu, ta haura giram 900. Shunayyar ta koma toka-toka, rawayar ta dushe, ga ɗigo-ɗigon baƙi sun fito mata a gadon baya da gefe, har a ka. Tana cin ɓeranta lafiya lau, saɓarta kuma na fita ɗungurungum ba ta yagewa. To ciwo ne, ko mai sayarwa ne ya rufe ni da hoto?

Mubarak: Wa alaikumus salam Yaya. Ɗigon baƙi kam ka duba da kyau tun yau, kada ya zama ƙuma ce. Idan ta shiga akwati fitar da ita aiki ne.

Dakta Auwal: Maganar Mubarak na kan hanya, da ita za a fara. Abban Sadik, ka jiƙa farin tsumma ko tishu da ruwan ɗumi, ka bar ta ta ratsa ta cikinsa daga wuya har wutsiya. Idan ƙuma ce za ka ga baƙaƙen ɗigo sun manne a tsumman, wasu na tafiya, idan ka murje su jini ne zai fito. Ka kuma duba zagayen ido, da tsagar da ke ƙarƙashin haɓa, da 'yan ramukan nan na leɓen sama da take jin zafin ɓera da su. Nan suka fi ɓuya. Mesar da ƙuma ta dama za ka same ta kwance cikin kwanon ruwa yini guda, gindin kwanon kuma da baƙaƙen ɗigo. Sannan ka juya ta ka kalli cikin. Idan ɓawon ciki ya yi ja ko ruwan ƙasa, yana ɗagawa ko yana ƙuraje, wannan ruɓewar ɓawo ce daga jiƙaƙƙiyar shimfiɗa, ko ƙuna daga tabarmar ɗumi, kuma sai an kai ta asibiti. Ɗigon da yake cikin ɓawon kansa, ba ya motsi, ba ya gogewa, wannan launi ne.

Anti Bilki: Ƙanena kwantar da hankalinka. Ka yi gwajin da Dakta ya ce don zuciyarka ta natsu, amma tun daga bayaninka na san abin da ke faruwa. Duk Banana haka take. Ka ga yadda ayaba ke fara ɗigon baƙi idan ta nuna? To haka wannan nau'in yake, ana ƙyanƙyashe shi tas, ɗigon na fitowa a hankali bayan kowace saɓa. Wata ɗigonta kaɗan ne, wata kuma sai ka ce an yayyafa mata. Ina da namiji a nan Amurka da ya wuce shekara shida, har yanzu ina ganin sabon ɗigo jefi-jefi. Shunayyar nan da kake kewa kuwa, ita ce ke fara tafiya. Ta ƙuruciya ce.

Sannan ka haɗa da Pastel, wanda shi ma an san shi da dushewa. Ɗan Pastel na fitowa da rawaya mai ƙyalli, idan ya girma sai ruwan ƙasa ya hau kansa, musamman a gadon baya. Don haka taka abubuwa biyu ne suka haɗu mata a lokaci ɗaya.

Abban Sadik: Na gode Dakta, na gode Anti. Na yi yadda aka ce. Tsumman ya fito fari tas, kwanon ruwa babu komai, cikinta fari sumul. Alhamdulillah ba ciwo ba ne. Amma gaskiya raina bai gama kwanciya ba ta ɓangaren cinikin. Mutumin da ya sayar min ya san za ta koma haka, bai ce min uffan ba. Launin nan na biya wa kuɗi.

Mubarak: Ni a ganina wannan ha'inci ne, ba wani kwana-kwana. Idan ka san kayanka zai canza kama bayan shekara guda, ka yi shiru ka karɓi kuɗin mutum, ai ka ɓoye aibi.

Anti Bilki: Mubarak, aibi kuma? Girma ba aibi ba ne. Mesar lafiyarta ƙalau, abin da aka ce masa ita ce kuwa ita ce ɗin, Banana Pastel. Da an sayar masa da wani nau'i da sunan wani, ko an ɓoye masa cewa ba ta cin abinci, sai mu ce ha'inci. Mai kiwon da ya shekara goma yana ganin wannan canjin ba lallai ya tuna cewa akwai wanda bai sani ba. Ni dai da nake sayar da 'ya'yan da na ƙyanƙyashe, ba na barin mutum ya tafi sai na nuna masa uwar da uban, amma ba zan kira wanda bai yi haka ba maha'inci.

Mubarak: To Anti ai kin ba ni gaskiya da kanki. Me ya sa ke kike nunawa? Saboda kin san haƙƙi ne.

Anti Bilki: Ina nunawa ne saboda tausayin dabbar. Na ga yadda ake yi. Mutum ya sayi ƙarama don launi, bayan shekara biyu launin ya sauka, sai ya daina kula, ruwa ya bushe a kwano, daga nan ka gan ta an sa a kasuwa ana neman kai da ita. Dabbar nan kuwa tana yin shekara 20 zuwa 30 a hannun mai kula. A gidan namun daji na St. Louis a nan Amurka an taɓa samun wadda aka ƙiyasta shekarunta 62, har ta yi ƙwai bakwai a 2020. Launin ƙuruciya na wata nawa ne a cikin wannan tsawon rai? Wanda zai saya ya kamata ya so babbar, domin da ita zai zauna.

Sani Lome: Ku bar ni in shiga tsakani, don kowannenku na da rabin gaskiya. Shiru kan girma wani abu ne, wasa da hoto kuma wani abu ne daban, kuma shi ma ana yin sa. Ana ɗaukar hoton ne kwana ɗaya bayan saɓar farko, lokacin da launi ya fi kowane lokaci kyau, a ɗora ta kan baƙar shimfiɗa, a haska mata farar fitila, sannan a ƙara wa hoton launi a waya. Ku shiga MorphMarket, shafin intanet da ake cinikin macizai, ku duba, hoton jarirai ya cika ko'ina, na manya sai ka nema. Ni idan zan saya, cewa nake a ɗaukar min bidiyo a bakin taga da hasken rana, mesar na hannun mutum. Idan fatar hannun ta yi ja fiye da kima, na san an taɓa launin.

Baba Na Nima: Salamu alaikum 'ya'yana. Na karanta duka. Ni tsoho ne a nan Ankara, babban birnin Ghana, ba ni da akwatin gilashi, amma na ga wannan dabba tun kafin a fara ba ta waɗannan sunaye. Ai tamu ce. Daga Ghana da Togo da Benin ake ɗibar ta zuwa Turai da Amurka. Da rani maharba ke bin suri da ramukan ɓeraye a bakin gonaki, su tono uwa da ƙwanta, a kai gidan masu fitarwa a ƙyanƙyashe, a tura 'ya'yan. Duk wanda ya taɓa ganin uwa kusa da 'ya'yanta ya san ba launinsu ɗaya ba. Ɗan yana fitowa baƙinsa wuluk, zinariyarsa na walƙiya. Uwar kuwa baƙinta ya koma ruwan ƙasa mai duhu, zinariyar ta lafa, ga tabon ƙaya da cizon ɓera. Ba wanda ya taɓa cewa uwar ta lalace. Haka Allah ya yi ta.

Kuma yawancin launukan da kuke saya da tsada daga cikin waɗannan ramuka aka fara samun su. A cikin dubbai sai a ga ɗaya ta fita daban, a ware ta, a sayar wa Bature da tsada, shi kuma ya je ya hayayyafa. Nau'in da kuke kira Enchi ma sunan gari ne a yammacin ƙasarmu, kusa da iyakar Kodebuwa.

Anti Bilki: Baba barka da zuwa, Allah ya ƙara girma. Kuma Enchi ɗin nan na cikin waɗanda girma ke yi wa kyau. Wannan ne abin da nake so Abban Sadik da Mubarak su gane, ba kowane nau'i ne ke sauka ba, akwai masu hawa. Ɗan Enchi ba ya burge wanda bai sani ba, amma idan ya girma gefensa sai ya ɗauki ruwan goro da zinariya. Fire ma haka, ɗan yana kama da na daji, ɗan haske kawai da fari-fari a ka, amma kowace saɓa ƙara washewa yake. Sarkinsu duka shi ne Desert Ghost. Na taɓa riƙe babba a wajen baje koli, na daɗe ina juya ta a hannu. Rawayar ta washe tas, babu wannan dattin ruwan ƙasa da ke hawa gadon baya, baƙin kuma ya tsaya a iyakarsa bai zubo ba. Shi ya sa masu kiwo ke ta cusa shi cikin Pastel da Clown da sauransu, don ya riƙe musu launi idan sun girma. Wahalarsa ita ce sai an gaje shi daga uwa da uba duka kafin ya bayyana, don haka aikin shekaru ne.

Dakta Auwal: Anti, a nan sai na ja kunne, don sunayen na ruɗa sababbi. Desert Ghost daban, Desert daban. Matan Desert an san su da matsalar haihuwa, ƙwai na maƙale musu, wasu har su mutu. Kada wani ya ji ana yabon ɗaya ya je ya sayi ɗayan.

Zainab T.: Ni tawa ta fi ta Abban Sadik ciwo. Axanthic na saya a nan Kanada, saboda ba na son rawaya ko kaɗan. Tana ƙarama azurfa ce da baƙi da fari. Yanzu shekararta uku, ta zama ruwan ƙasa, baƙon da bai sani ba sai ya ɗauka ta daji ce wadda ta ɗan koɗe. Ina son ta, ba zan rabu da ita ba, amma abin na ba ni mamaki. An ce nau'in ba shi da rawaya, to daga ina ruwan ƙasan ya fito? Dakta a taimaka.

Dakta Auwal: Malama Zainab, bari in ɗan faɗaɗa, don amsarki ita ce amsar kowa a nan. Launin maciji daga ƙwayoyi iri uku yake fitowa a cikin fata. Akwai masu ɗauke da melanin, su ke ba da baƙi da ruwan ƙasa. Akwai masu ba da rawaya da ruwan goro. Akwai kuma na uku, masu ɗauke da ƙananan lu'ulu'u da ke mayar da haske, su ke ba da ƙyalli. Abin da idonki ke gani haɗuwar ukun ne. Kowane nau'i da ake sayarwa canji ne a ƙwayar gado, wanda ya taɓa ɗaya daga cikin ukun ko ya canza yadda suke rarrabuwa a jiki.

To su ƙwayoyin nan ba sa tsayawa aiki ranar ƙyanƙyasa. Mesa na fitowa daga ƙwai da giram 60 zuwa 80, babbar mace na wuce giram 1,500. Fatar ta ninka sau da yawa, ana ta yin sabon ɓawo, ana ta zuba sabon launi. Abin da ya kasance kaɗan a jariri sai ya taru a babba. A Axanthic an danne rawayar ne sosai, amma abin da ya rage na taruwa da shekaru, baƙin ma na sassautawa, sai azurfar ta koma ruwan ƙasa. A Banana an rage melanin ne ba a kashe shi ba, shi ya sa yake ɓullowa ɗigo-ɗigo. A Pastel duhun ne ke hawa kan rawayar a hankali.

Zabiya kuwa, wato Albino, ba ta iya yin melanin kwata-kwata, don haka ba ta yin ruwan ƙasa. Nata canjin daban ne. Ruwan goron ƙuruciya na komawa rawaya mai sanyi, farin kuma rawaya na malala cikinsa har iyakar da ke tsakani ta dushe. Ita ce ma ta buɗe wannan kasuwa, tun da Bob Clark ya fara ƙyanƙyashe ta a Amurka a 1992. A 2022 masu bincike a Jami'ar Eastern Michigan suka yi amfani da saɓar da masu kiwo suka aika musu, suka gano cewa Albino da Lavender Albino da Ultramel kowanne ƙwayar gadonsa daban, TYR da OCA2 da TYRP1. Wannan ya dace da abin da masu kiwo suka daɗe suna gani, cewa ukun ba sa tsufa iri ɗaya. Lavender Albino tana fitowa kusan kamar zabiya ta gama-gari, shunayyarta sai da girma take ƙara fitowa.

Zainab T.: Na gode Dakta, yanzu na fahimta. Ke nan babu Axanthic da ke zama azurfa har tsufa?

Anti Bilki: Duka suna sauka, amma ba daidai ba. Akwai zuri'u daban-daban, VPI ta Dave da Tracy Barker a Texas, da TSK, da Jolliff, kuma ba sa haɗuwa. Idan kika haɗa VPI da TSK 'ya'yan launin daji za su fito. Masu kiwo na ta gardama kan wacce ta fi riƙe launi, kowa na yabon tasa. Ni abin da na gani da idona shi ne, ko cikin zuri'a ɗaya akwai bambanci mai yawa tsakanin gida da gida. Wanda ya daɗe yana ware iyayen da suka riƙe launi har girma, 'ya'yansa sun fi riƙewa. Wanda kuma yake haɗa duk abin da ya samu don ya sayar da wuri, nasa na saurin dushewa. Haka yake a Pastel ma. Shi ya sa sunan nau'i kaɗai ba ya isa, uwa da uba ake kallo.

Mubarak: To ni na karanta cewa ana iya riƙe launin idan aka sa fitilar UVB mai kwaikwayon hasken rana, kuma akwai garin da ake barbaɗawa a jikin ɓera mai ƙara rawaya. Ba sai Yaya Abban Sadik ya gwada ba?

Dakta Auwal: Garin kam ban yarda da shi ba. Mesa na haɗiye ɓera ne ɗungurungum, da hanta da ƙashi da gashi, abin da jikinta ke buƙata na ciki. Ɗigon Banana da dushewar Pastel a ƙwayar gado suke, ba yunwa ce ta kawo su ba. Ka kashe kuɗin garin wajen sayen ma'aunin zafi mai kyau. Fitilar kuma, idan mai sanyi ce kuma akwai maɓoya da dabbar za ta shige in ta gaji, ba na hana ta. Amma a sa ta don lafiya da bambance dare da rana, ba don dawo da launin jarirantaka ba. Mai zabiya kuwa ya yi hattara, idonta ba shi da melanin da zai kare shi daga haske mai ƙarfi.

Sani Lome: Dakta a nan ban bi ka gaba ɗaya ba. Ina da guda biyu 'yan ciki ɗaya, ɗaya na ɗakin da rana ke shiga, ɗaya na ɗaki mai duhu. Ta ɗakin rana ta fi haske, kowa ya zo yana faɗa.

Dakta Auwal: Malam Sani, ka fito da su biyun waje ɗaya, lokaci ɗaya, kowacce kwana biyu ko uku bayan saɓarta, sannan ka kwatanta. 'Yan ciki ɗaya ma ba sa fitowa daidai tun daga ƙwai. Kuma wadda kake gani kullum cikin hasken rana dole ta fi kyau a idonka.

Sani Lome: Na sha haɗa su a tabarma ɗaya, bambancin na nan. Amma na yarda ban kula da lokacin saɓa ba. Zan jira su saɓa in ɗauko hoto, sai mu gani.

Anti Bilki: Lokacin saɓar nan fa shi ne ke ruɗa mutane fiye da komai. Ba kowane dushewa ne na shekaru ba. Idan saɓa ta gabato, ciki na yin ruwan hoda, jiki ya yi duhu kamar an shafa toka, ido ya yi shuɗi-shuɗi na 'yan kwanaki, sannan ya washe, bayan kwana kaɗan ta tuɓe. Ƙarama mai girma da sauri na yin haka kusan kowane wata ko wata ɗaya da rabi, babba sau 'yan kaɗan a shekara. Wanda ya ɗauki hotonta cikin wannan hali ya kwatanta da hoton ranar saye zai tsorata a banza.

Akwai kuma dushewar da laifin mai kiwo ne, ita ce ake iya gyarawa. Idan laima ta yi ƙasa, saɓa na fita guntu-guntu, tsohuwar fata ta manne, launi ya mutu. A riƙe laima wajen kashi 60 cikin ɗari, a ɗaga ta lokacin saɓa, ɓangaren ɗumi digiri 31 zuwa 32, ɓangaren sanyi 25 zuwa 27. Ku da ke gida lokacin hunturu, da mu da ke kunna na'urar ɗumama ɗaki, duk busasshiyar iska ce abokiyar gabarmu. Sannan masu farar mesa su sani, ɓawon kwakwa da ake shimfiɗawa na rina jiki, fitsarinta ma haka. Wannan rini ne, yana tafiya da saɓa ta gaba.

Zainab T.: Anti tunda kin kawo farare, ina tunanin ƙara ɗaya. Wacce ce ba za ta canza min ba? Piebald mai fari dabbare-dabbare, ko fara mai shuɗin ido?

Anti Bilki: Farin Piebald ba ya canzawa. Inda yake ranar ƙyanƙyasa nan zai zauna, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, jiki ne kawai ke girma da shi. Amma ɓangaren da ke da launi na tsufa kamar kowa, ruwan goron ƙuruciya ya koma ruwan ƙasa. Kuma yawan farin ba ya bin iyaye sak, uwa mai fari kaɗan na iya haifar wanda kusan duk jikinsa fari ne. Mai shuɗin ido kuma ya danganta da abin da aka haɗa. Haɗin nau'in Mojave da Mojave na ba da fara mai toka-toka a ka, sau da yawa da ɗan layin rawaya a gadon baya. Lesser da Mojave ta fi fita fari. Wasu na ɗaukar 'yar rawaya da girma, don haka nan ma ki nemi ganin babba.

Dakta Auwal: Ƙari kan Piebald: Peter Kahl ne ya tabbatar ana gadonsa a 1997, a 2023 kuma masu bincike a Jami'ar McGill da ke nan Kanada wajenki suka danganta shi da ƙwayar gado mai suna TFEC. Farin wurin ba rufi ba ne da ke iya gogewa, ƙwayoyin launin ne babu a can, shi ya sa shekaru ba sa taɓa shi.

Amma tunda ana maganar ƙara saye, akwai abin da ya fi dushewa muhimmanci a wurina. Nau'in Spider na riƙe zanensa da kyau, ana cusa shi cikin haɗe-haɗe da yawa irin su Bumblebee, amma yana zuwa da rawar kai da juyewar wuya, wani har ya riƙa kuskuren ɓera idan ya kai sara. Wannan na tafiya da shi har mutuwa. Gara min mesa mai ruwan ƙasa da ke riƙe kanta daidai.

Baba Na Nima: Dakta Allah ya yi maka albarka. Ni abin da ke damuna wani ne. Kuna can kuna zaɓen launi, mu nan muna ganin ramukan na raguwa. Wuraren da maharba ke samu da sauƙi a da, yanzu sai sun yi nisa. Fitar da ita na buƙatar takardar CITES, wato yarjejeniyar ƙasashe kan cinikin namun daji, ana kuma cewa a mayar da iyaye mata daji bayan sun yi ƙwai, amma mayarwar ba kullum ake yin ta inda aka ɗauko ba. Wanda zai saya a can ya sayi wadda aka ƙyanƙyashe a can. Ta fi saurin karɓar abinci, kuma zai iya ganin iyayenta kamar yadda Bilki ke faɗa. Ta daji wa zai nuna maka uwarta?

Mubarak: Baba gaskiya ne. Amma ni har yanzu ina kan bakana game da mai sayarwa. Anti ta ce ba ha'inci ba ne, to na sassauta, amma sakaci ne. Layi ɗaya ya isa a rubuta ƙarƙashin hoto: wannan nau'in na yin ɗigo idan ya girma, ga hoton ubansa.

Anti Bilki: Wannan kam na yarda da kai ɗari bisa ɗari.

Abban Sadik: Anti wata tambaya. Ina da niyyar haɗa ta da namiji idan ta kai. Launin zai ci gaba da sauka ne har abada, ko akwai inda yake tsayawa?

Anti Bilki: Yawancin canjin na faruwa ne a shekara biyu zuwa uku na farko, lokacin da jiki ke girma da sauri. Daga nan sai ya lafa, ɗigon ne kawai zai riƙa ƙaruwa kaɗan-kaɗan. Kada ka yi gaggawar haɗa ta, ka bari ta kai shekara uku da giram 1,500 ko fiye. Kuma a lokacin za ka ga wani canjin da ba mu ambata ba. Idan ƙwai ya fara girma a cikinta, kafin ta kumbura, mace na yin wani haske na musamman, rawayar ta tashi, duhun ya ja baya, ka ce an dawo maka da ita ƙarama. Masu kiwo na ɗaukar wannan a matsayin alamar cewa abu ya kama. A lokacin za ka ga tana neman ɓangaren sanyi, tana naɗe kwanon ruwa, ta daina cin abinci. Bayan ta yi ƙwai sai ta koma yadda take, ta rame, tana buƙatar kiwo sosai. Ƙwan kuma kwana 55 zuwa 60 ne a digiri 31 zuwa 32.

Idan kana son 'ya'yan su fi uwarsu riƙe launi, namijin za ka zaɓa da kyau. Ka nemi Enchi ko Fire babba, wanda ya wuce shekara uku, ka je ka gan shi da idonka kafin ka biya.

Sani Lome: Anti, Enchi da Banana kam na ga haɗin, ruwan goron na fita sosai. Amma ɗigon fa? Yana raguwa a 'ya'yan?

Anti Bilki: Kada ka sa rai zai ɓace. Wanda ya gaji Banana ka ɗauka zai yi ɗigo, yawan ne ke bambanta. Abban Sadik, ka fara ɗaukar mata hoto bayan kowace saɓa, wuri ɗaya, haske ɗaya, ka rubuta nauyinta a gefe. Ranar da za ka sayar da 'ya'yanta, hotunan nan za ka nuna wa mai saye. Malam Sani kuma muna jiran naka na 'yan ciki ɗaya.